Dan Allah wa ya san me yara suke nufi da "ƙanƙara"?

Ummu Sudais:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gareni dan Allah, kuma amsa nake nema ba wa'azi ba dan wa'azin na yi wa kaina har na gaji. Ƙanina ne yake zaune a wajenmu, shekaranjiya ya bar wayarsa a caji sai saƙo ya shigo ya fito a saman wayar, wani ya rubuto masa wai "akwai ƙanƙara mai kyau, ka taho da gilas ɗinka". Da a bara ne ba abinda zan kawo a raina, to amma yaron nan a 'yan watannin nan ya canza, baya barci, cikin dare sai kaji motsinsa yana kwance kayan wuta, fanka, rediyo, tsohuwar waya, duk ya wargaza su ko ɗaya bai mayar ba, abinci yadda aka kai masa haka ake ɗaukowa, ya rame har wando baya zama a ƙugunsa, sannan bayan 'yan kwanaki sai ya kwanta kwana da wuni ba mai iya tashinsa. Shin ƙanƙarar nan sunan wani abu ne ko ni ce shaiɗan yake min wasa da hankali?

Zee:
Innalillahi. Anti ais ne wlh, shi suke cewa ƙanƙara. Gilas ɗin kuma ɗan bututun da suke zuƙa da shi ne. Allah ya shirya mana

Baban Khalifa:
Zee a hankali mana, daga saƙo ɗaya har kin yanke hukunci? Mutum baya siyan ƙanƙarar ruwa ne? Ni dai nasan zargi ya raba 'yan uwa da yawa, kuma in ka kira yaro ɗan ƙwaya alhali ba shi bane har ya mutu bazai manta ba. Amma gaskiya maganar rashin barcin nan da barcin da yake biyo baya ita ta fi tsaya min a rai, ba saƙon ba. Akwai masana a gidan nan, su zo su yi bayani.

Mai Kemis:
Wa alaikumus salam Ummu Sudais, Allah ya yaye. Asalin sunan abin methamphetamine, a taƙaice a ce meth. Ba ganye bane, haɗa shi ake yi daga sinadarai, yana zuwa ɗan tsaki-tsaki fari ko garai-garai kamar fasasshen gilashi, shi yasa kusan duk sunayensa a nan suke zagaye. Da Turanci ice suke rubutawa, ko crystal, ko glass, a Amurka da Ingila har Tina suke ce masa sai kaji kamar maganar budurwa ake yi, akwai kuma crank. Inyamurai suna cewa mkpuru mmiri. Afirka ta Kudu tik, Zimbabwe mutoriro, Filifin da Japan da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf shabu, Iran shishe, a New Zealand kuwa harafi ɗaya ne kawai, P. A Tailan da Bangladesh akwai yaba, ita ƙwayar haɗiya ce ƙarama galibi ja-ja ko ruwan lemo, meth ce aka cakuɗa da kafin ɗin nan na cikin kofi.

Kuma ba sabon abu bane ko kaɗan. Wani masani ɗan Japan Nagai Nagayoshi ne ya fara haɗa shi a 1893, a 1919 Akira Ogata ya mayar da shi irin mai tsaki-tsakin nan. A 1938 a Jamus a fili ake siyar da shi da sunan Pervitin, aka riƙa ɗirka wa sojoji a yaƙin duniya na biyu dan kar su yi barci, Japan ma haka, sai da ɓarnar ta bayyana suka hana a 1951. Wato tun asali aikinsa kenan, kore barci da kore yunwa. Abinda ya bambanta shi da hodar iblis shine daɗewa, ita hoda cajinta baya kai awa ɗaya, shi kuwa bayan awa 10 zuwa 12 rabinsa ne kawai ya bar jini, in mutum ya ƙara kafin na farko ya sake shi sai ya jera kwanaki idonsa biyu.

Baban Khalifa yana da gaskiya, suna shi kaɗai baya tabbatar da komai. Amma suna da wannan tsarin barcin a tare, ni dai bazan ce miki ki kwantar da hankali ba.

Ɗan Baiwa:
Mai Kemis tsaya, shishe ɗin nan ita ce shishar da samari suke busawa a tukunya?? dan in ita ce to rabin abokaina sun tafi

Mai Kemis:
A'a Ɗan Baiwa, sunan ne ya yi kama, ta Iran ɗin gilashi take nufi a yarensu. Shisha taba ce, tana da nata illar amma ba ita muke magana ba. Wani abu da na manta, yanzu da yawa basa ma rubuta suna, 'yan hotunan nan na cikin kibod suke turawa. Hukumar DEA ta Amurka mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta taɓa fitar da takarda a kai, a ciki alamar lu'ulu'u da shuɗiyar zuciya da ƙwallon gilashin nan na 'yan duba duk suna cikin na meth. To amma kar wata ta ga shuɗiyar zuciya a wayar ɗanta ta ɗora hannu a ka, miliyoyin mutane suna turawa basu san komai ba.

Tsohon Ɗan Hannu:
Salam. Da wannan sunan zan yi magana dan akwai waɗanda suka sanni a nan. Na sha abin nan, Allah ya rabani da shi, kuma abinda zan faɗa miki anti shine kar ki ɓata lokaci wajen haddace sunaye. Mu a lokacin da zarar mun ga suna ya fita har iyaye sun sani sai mu canza, wani lokaci ma ba suna, "kaya", "abin nan", "saƙona", "ruwa", ko kawai a ce ka zo mu yi aikin dare. Kowace majalisa da nata. Ki haddace goma gobe a ƙirƙiro na sha ɗaya.

Abinda ba'a iya canzawa shine jiki. Mai shan kodin ko wiwi ko ƙwayoyin barci a kasale zaki ganshi, ido ya lumshe, magana tana jan ƙafa. Wannan akasin haka ne, shi yasa iyaye suke daɗewa basu gane ba, da farko ma murna ake yi wai yaro ya zama mai himma, ya share ɗaki ya wanke mota ya goge takalman gidan kaf da ƙarfe uku na dare, ga surutu, ga tsare-tsaren kasuwancin da zai yi ya zama attajiri. Kwance kayan wutan nan da kika ce wlh kamar ni kike faɗa, zaka zauna awa shida akan rimot ɗaya kana ji kamar wani gagarumin aiki kake. Sai a kwana na biyu ko na uku ba barci kai ya fara juyawa, kaji kamar ana maganarka a bayan taga, ka ga inuwa ta gifta, ka fara leƙen labule, ka manne kyamarar wayarka da salatif, kowa ka gani an turo shi ne. In kaya suka ƙare sai ka faɗi, barci ba iyaka, ka tashi da yunwar da zaka cinye abincin mutum uku, ga baƙin ciki da baka san daga ina ba, kowa haushinsa kake ji. Sai a sake komawa. Wannan hawa da saukar ita zaki kalla. In kina da ɗan littafi ki riƙa rubuta daren da ya yi barci da wanda bai yi ba na sati biyu ko uku, ko likita kika kai wa zai fi masa amfani akan saƙon waya.

Ummu Sudais:
Ya Salam. Tsohon Ɗan Hannu jikina har rawa yake, labulen nan wlh yana yi, har bargo ya ƙara akan tagar ɗakinsa yace wai haske ne yake damunsa. Kwanaki kuma ya tsare maigidana da tambaya wai wa ya taɓa masa waya, alhali ba wanda ya shiga ɗakin. Kuma duk hannunsa ƙuraje ne yana ta tsokana, ni na ɗauka sauro ne har maganin shafawa na siyo masa.

Anti Nas:
Sannu Ummu Sudais. A ɓangaren masu lalurar ƙwaƙwalwa nake aiki, muna ganin irinsu. Ƙurajen nan ba sauro bane galibi, ji suke kamar wasu ƙwari suna yawo a ƙarƙashin fata sai su yi ta susa da tsokana har ya zama gyambo, a fuska da hannu aka fi gani, kuma baya warkewa da wuri dan ba ci ba barci. Sauran abubuwan da zaki duba ba tare da kin taɓa shi ba: baƙin tsakiyar idonsa yana buɗewa sosai ko a cikin haske, gumi ko ana sanyi, muƙamuƙi baya tsayawa yana ta cizon haƙora ko tauna ba komai a baki, leɓe a bushe yana ta lasa, wani lokaci ɗan ƙuna a leɓe ko a yatsu saboda zafin bututu da laita. Haƙora kuma sai a hankali, abin yana busar da yawu, ga cizo, ga ba'a wanke baki, ga son kayan zaƙi, sai su fara ruɓewa daga gindin dasashi. Amma wannan sai an daɗe, kar ki ce tunda haƙoransa lafiya lau to ba komai. Hotunan nan da ake yaɗawa na mutane sun zama abin tsoro ƙarshen hanya ne, mafi yawan masu sha in kin gansu a layi bazaki ce ga shi ba.

Ga inda nake so kowa ya nutsu. Duk abinda aka lissafo akwai ciwon da yake kawo irinsa ba tare da ƙwaya ba. Akwai lalurar ƙwaƙwalwa da mutum zai yi kwanaki baya barci, ga surutu ga kashe kuɗi ga jin kai, daga baya ya faɗa damuwa mai tsanani, kuma a irin shekarun samartakan nan take fara bayyana. Akwai mai sa zargi da jin muryoyi. Halittar nan ta cikin maƙogwaro da ake kira thyroid in ta yi aiki fiye da kima tana kawo rama da gumi da bugun zuciya da rashin barci. Suga da tibi suna ramarwa. Kuma sau da yawa biyun ne a haɗe, ciwon da shan. To ko ais ne ko ba shi bane, wanda kika siffanta mana ɗin nan yana buƙatar ganin likita, a nan dai ba zargi.

Malam Bala:
Ku yi haƙuri ni maganata daban ce. Duk wannan lallashin shi ya lalata yaran yanzu. Yaro yana ci a gidanka yana kwana a gidanka sannan a ce sai ka ɗauki littafi kana rubuta barcinsa? A tara mazan gidan a rufe shi a ɗaki a karɓe wayar, in ya yi gardama ya sha na jaki, in ya ƙi a miƙa shi ga hukuma su ajiye shi wata uku ya dawo hayyacinsa. Da ba'a san wannan iskancin ba saboda ana tsoron manya.

Hajiya Turai:
Malam Bala ban goyi bayan duka ba amma akwai gaskiya a maganarka ta wani gefen. Gidanta ne, da 'ya'yanta ƙanana a ciki, tana da haƙƙin sanin me ake shigo mata da shi. Ni da ni ce yana fita zan shiga ɗakin in bincike ko'ina. Masu cewa wai sirrinsa ne, wane sirri, in jaririnta ya rarrafa ya tsinci abin ya kai baki fa? Sai dai ban ma san me zan nema ba, Ɗan Hannu ka faɗa mana.

Tsohon Ɗan Hannu:
Hajiya abinda za'a gani bashi da yawa. Ɗan siririn bututun gilashi mai kumburi a ƙarshe, gindinsa ya yi baƙi da ƙuna. Ƙwan lantarki da aka cire wa ciki. Takarda mai ƙyalli irin ta cikin kwalin sigari da tabon ƙuna a jiki, tsinken shan lemo da aka yanka gajere, 'yan ƙananan ledoji masu zif da ɗan farin ɓurɓushi, da laita da yawa a ɗakin wanda baya shan taba. Wasu allura suke yi, in an ga sirinji kar a ɗauka da hannu haka. Kar ku dogara da wari, bashi da wari irin na wiwi da zai cika gida.

Malam Bala da girmanka, amma abinda kace a yi shine yadda ake samun gawa a gida. Mutumin da ya kwana uku ba barci ya riga ya yarda ana farautarsa, sai ga maza huɗu sun shigo masa ɗaki sun rufe ƙofa, ai kun tabbatar masa kenan, a lokacin ba wansa yake gani ba, kuma baya jin zafin duka yadda kake tunani. Ni an min irin wannan, abinda na koya a ciki kawai shine in daina kawowa gida. Wanda ya juyo da ni daga baya kawuna ne, ya jira sai da na faɗi na yi barcina na tashi na ci abinci, ya zauna kusa da ni shi kaɗai yace na ga kwana kaza baka barci, na ga ka rame, na ga kana tsoron mutane, ni tsoro nake ji kar in rasa ka, gobe zan je asibiti ka rakani a duba barcin nan. Bai ce min ɗan ƙwaya ba, bai tambayeni me nake sha ba. Na musa, na yi fushi, amma na bishi.

Malam Bala:
To kai Allah ya taimake ka ka samu kawu mai haƙuri kuma ka bishi. Wanda ya ƙi bi fa? Sai a zuba masa ido yana siyar da kayan gida ɗaya bayan ɗaya? Na ga gidan da yaro ya siyar da janareto da keken ɗinkin uwarsa ana ta cewa a bi shi a hankali.

Anti Nas:
Malam Bala a nan kam ina tare da kai, bi a hankali ba shine zuba ido ba. Kuɗi a hannu a daina bashi, ko na mota ne a biya masa kai tsaye, kayan daraja da makullin mota a killace, a faɗa masa a fili cewa ba'a shigo da abin nan gidan da yara suke, kuma duk dokar da aka san baza'a iya tsayawa a kanta ba kar ma a furta ta. Kar a biya masa bashin dila, kar a yi masa ƙarya a wajen aiki. Wannan duk tsanani ne, kuma ba duka a ciki.

Kullewa a ɗaki kuwa ga matsalarta. Barin ais baya kashewa ta jiki irin yadda barin giya ko ƙwayoyin barci farat ɗaya yake iya yi, amma satin farko zuwa kwana 10 damuwar da take saukar musu ba wasa bace, a nan ne wasu suke tunanin kashe kansu. Ka rufe shi shi kaɗai ba mai dubawa a daidai wannan lokacin, ka gane ai. In ya fara maganar gara ya mutu ko ya gaji da rayuwa, kar a ce iya shege ne, kar a barshi shi kaɗai, a kwashe magunguna da wuƙaƙe, a nemi likita a ranar.

Sannan waɗannan ba'a jira gari ya waye, asibiti kai tsaye: ciwon ƙirji, numfashi sama-sama, jiki ya yi zafi rau, jijjiga, ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, baki ya karkace ko ɓari ɗaya ya saki, ko ya rikice bai san inda yake ba. Abin yana ɗaga jini da bugun zuciya, saurayi ɗan 25 yana iya samun shanyewar ɓarin jiki. Kuma ku faɗa wa likita gaskiyar abinda kuke zargi, ɓoyewa saboda kunya tana ɓata mana lokaci sosai.

Zee:
To ba akwai gwajin fitsari ba? a samu dabara a ɗiba bai sani ba a gwada kowa ya huta

Mai Kemis:
Akwai Zee, amma ba yadda kike zato ba. Galibi kwana 2 zuwa 4 bayan sha ake ganinsa a fitsari, mai sha sosai ya kai kusan sati, to in kika gwada a ƙarshen dogon barcin nan yana iya fitowa ba komai ki ce alhamdulillah alhali akwai. Ta ɗaya gefen kuma ɗan gwajin tsomawan nan yana iya nuna akwai alhali babu, wasu magungunan mura masu pseudoephedrine suna jawo haka, da wani maganin damuwa bupropion. Shi yasa in ya nuna ake turawa lab a tabbatar. Ɗiba a ɓoye kuwa ko kin samu sakamako me zaki yi da shi, ranar da kika nuna masa kin ƙara wa mai zargi hujja cewa ana masa leƙen asiri a gida. Gara a asibiti, da saninsa, cikin sauran gwaje-gwajen jini da za'a yi masa.

Baban Khalifa:
Mai Kemis to akwai maganin da ake basu ya cire musu sha'awar? Dan naji ana tallan wasu na wanke jini wai sati ɗaya an gama.

Mai Kemis:
Na wanke jinin nan cin kuɗi ne kawai, jiki da kansa yake fitar da abin cikin kwanaki, matsalar ba a jini take ba. Abin yana sa ƙwaƙwalwa ta zubo da sinadarin jin daɗi da ake kira dopamin fiye da yadda ta saba nesa ba kusa ba, in an daɗe sai ta rage karɓarsa, shi yasa wanda ya bari yake watanni ba abinda yake masa daɗi, ba abinci ba hira ba komai, a nan mafi yawa suke komawa. Hotunan ƙwaƙwalwa da wata likita mai bincike Nora Volkow da abokan aikinta suka yi a 2001 sun nuna tana farfaɗowa sosai, amma bayan an haura shekara ba'a sha ba.

Har yanzu babu maganin da aka amince da shi musamman dan ais irin yadda ake da methadone ga masu heroin. A 2021 an buga wani gwaji a Amurka da aka haɗa allurar wani magani naltrexone da ƙwayar bupropion, kusan kashi 13.6 cikin ɗari suka samu sauƙi, waɗanda aka ba na bogi kashi 2.5. Ci gaba ne amma kun ga adadin. Abinda ya fi nuna aiki shine zama da masu ba da shawara akai-akai, da wani tsari da ake gwada fitsari sau biyu ko uku a sati duk ranar da ya fito tsaf a ba mutum ɗan tukuici, yana ƙaruwa in ya ɗore. Nasan Malam Bala zai ce yanzu kuma biyansa za'a yi, amma shi ya fi kowanne hujja a bincike. Zargi da gane-ganen kuwa ana ba da maganinsu, a wajen mafi yawa suna lafawa cikin kwanaki zuwa 'yan makonni in an daina, wasu kuma yana daɗe musu.

Malam Bala:
Ai kuwa ka riga ni faɗa. Allah ya kyauta, duniya ta zo inda sai an biya mutum ya daina kashe kansa.

'Yar Ɓoye:
Dan Allah ku yi haƙuri in shigo da tawa, tun ɗazu nake karantawa ina kuka. Ni mijina ne. Direba ne na doguwar tafiya, ya fara ne wai dan kar barci ya ɗauke shi a hanya. Yanzu in ya dawo baya barci, sai binciken wayata, wai wa nake kira, wai yaji muryar namiji a ɗaki, ya tasheni tsakar dare yana haska min fitila a fuska yana tambaya. Ga buƙatar shimfiɗa da ta wuce hankali, in na ce na gaji ya zama hujja a wajensa. Bai taɓa dukana ba amma satin da ya wuce na ga ya sa wuƙa a ƙarƙashin filo wai saboda masu shigowa. Yarana biyu. In ya yi barcinsa ya tashi sai ya yi ta bani haƙuri yana kuka, shi yasa na kasa faɗa wa kowa.

Anti Nas:
'Yar uwa taki ba irin ta Ummu Sudais bace, kar ki ɗauki shawarar littafi da jiran lokaci ki ɗora a kanki. Zargin cin amana, da jin muryar da babu, da makami a gado, ukun nan in suka haɗu ba'a jira a ga ko zai yi duka. Yau ɗin nan ki faɗa wa wani babba da kika yarda da shi a danginki da ɗaya a nasa, ki faɗi maganar wuƙar da bakinki kar ki rage. In ya dawo a wannan yanayin ke da yara ku kwana a wani wajen. In ya ritsa ki kar ki yi musu da shi akan muryar, kar kuma ki ce eh kin ji, ki yi magana ƙasa-ƙasa a gajarce, kar ki tsaya tsakaninsa da ƙofa, ki san ta inda zaki fita, wayarki da caji da takardunki da na yara a waje ɗaya. In ya ɗaga makamin jami'an tsaro ake kira ba 'yan uwa ba. Kukan da yake yi da gaske yake yinsa, amma ba shi zai hana na gaba ba muddin yana sha. Ki min magana ta akwati.

Hajiya Turai:
Wlh 'yata ki ji maganar Anti Nas. Rufin asirin da zai sa a kwana da wuƙa ba rufin asiri bane.

Tsohon Ɗan Hannu:
Ƙari akan na Anti Nas, maganar tuƙin ma kar a barta. Yana ganin abin yana hana shi barci a hanya, amma bayan kwana biyu ido ne kawai a buɗe, hankali baya wajen, kuma lokacin da zai sake shi barcin baya sallama, akan sitiyari yake zuwa. Duk wanda za'a faɗa wa a danginsa a faɗa masa har da wannan, a samu mai karɓar makullin motar kafin tafiya ta gaba, kuma ba ke zaki karɓa ba.

Baban Khalifa:
Admin dan Allah a maƙale bayanin Anti Nas na alamomin zuwa asibiti a sama, ya nutse a tsakiya mutane bazasu gani ba.